Yawon Ƙafa na Kyauta a Berlin: Wane Ne Yake Biyan Ɗan Jagora?

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Wannan fili da kuke gani shi ne Pariser Platz, gaban Ƙofar Brandenburg a tsakiyar birnin Berlin na ƙasar Jamus, kuma mutanen nan da suka taru kusa da mai riƙe da lema suna jiran a fara abin da ake tallatawa da sunan yawon ƙafa na kyauta. Tambaya ɗaya ce take ta dawowa gare mu daga ɗalibai da 'yan kasuwa masu shirin zuwa Turai: idan an ce yawon kyauta ne, don me ɗan jagora yake tsayawa a ƙarshe yana karɓar kuɗi? Wasu suna ganin yaudara ce, wasu kuma suna ganin tunda ba a tilasta wa kowa ba, babu laifi mutum ya bi yawon awa uku ya yi godiya ya kama gabansa. Duka ɓangarorin biyu sun rasa abu ɗaya, kuma a kansa za mu fi daɗewa a wannan shiri.

Tsarin kansa ba shi da wuyar fahimta. Mutum yana yin rajista a intanet, ya zo wurin haɗuwa a kan lokaci, ya bi ɗan jagora da ƙafa na tsawon awa biyu da rabi zuwa uku, ana tsayawa ana yi masa bayani. A nan Berlin ne wannan salo ya yi suna, lokacin da Chris Sandeman ya kafa kamfaninsa na Sandemans New Europe a shekarar 2003, daga nan kuma ya bazu zuwa manyan biranen Turai da wajenta. A yau akwai irinsa na tarihi, akwai na zanen bango, akwai na ɗakunan baje kolin zane-zane, akwai kuma na abinci, wanda za mu zo kansa daga baya domin lissafinsa dabam ne.

Yanzu ku lura da abin da yake faruwa kafin a tashi. Ana ƙirga mutane, a wasu kamfanonin ma har hoton taron ake ɗauka, kuma baƙo da yawa yana zaton don tunawa ake yi. Ƙirgar nan ita ce tushen lissafi. Ɗan jagora a wannan tsari galibi ba ma'aikaci ne mai albashi ba, mutum ne mai cin gashin kansa, kuma kamfani ko shafin intanet ɗin da ya tara masa mutane yana karɓar wani ƙayyadadden kuɗi a hannunsa a kan kowane mutum da ya shiga yawon. Kuɗin talla ne da na kawo masa jama'a, kuma ana binsa shi ko baƙon ya ba da wani abu ko bai ba da ba.

Duk wanda ya san harkar a-daidaita-sahu ya san wannan yanayi. Direban da ba shi ne mai keken ba yana fita da safe da balas a wuyansa, sai ya haɗa kuɗin mai keke kafin a fara maganar abin da zai kai gida. Haka ɗan jagoran nan yake fara yawo da bashi, kuma bashin yana ƙaruwa da kowane mutum da ya tsaya a bayansa.

Bari mu yi lissafi da misali, kuma adadin nan namu ne domin a fahimta, tunda kowane kamfani da nasa farashin. A ce mutum 20 suka zo, kuma a ce kamfani yana karɓar yuro 3 a kan kowane kai. Kafin ɗan jagora ya buɗe baki ana binsa yuro 60. Idan kowa ya ba shi yuro 10 a ƙarshe, ya tara 200, ya cire 60, saura 140, kuma daga cikin wannan ne zai biya haraji da inshorar lafiyarsa, domin babu wanda yake biya masa. To, a ce biyar daga cikin mutanen sun sulale tun kafin a kai ƙarshe, wasu biyar kuma sun ba da yuro 2 kowannensu. Waɗanda suka sulale sun bar shi da asarar yuro 15, waɗanda suka ba da yuro bibbiyu kuma ko kuɗin kansu ba su cika ba, ya yi musu ciko daga aljihunsa bayan ya yi awa uku yana magana a tsaye, wani lokaci cikin sanyin hunturun Berlin da yake sauka ƙasa da sifili.

Wannan ne abin da kalmar kyauta take ɓoyewa, kuma a ganina kamfanonin suna da laifi wajen rashin bayyana shi ƙarara a tallarsu. Ma'anar kalmar a nan ita ce ba a yanke farashi tun farko, kuma ba a karɓar kuɗi kafin a yi aiki. An bar wa baƙo ya auna abin da ya gani ya biya gwargwadon gamsuwarsa da ƙarfinsa. Saboda haka kuɗin da ake miƙawa a ƙarshe bai kamata a ɗauke shi kamar tukwicin da ake ƙara wa wanda aka riga aka biya ba. Shi ne ladan aikin gaba ɗaya, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Nawa ya dace a bayar? Ra'ayina shi ne mai hali kada ya gaza yuro 10 a kan kowane mutum, idan kuma jagoran ya yi ƙoƙari, 15 ko 20 ba su yi yawa ba, domin yawon da ake yanke wa farashi tun farko yakan kai haka ko ya wuce. Ɗalibin da kuɗinsa bai kai ba ya ba da abin da zai iya, kuma ya faɗa wa jagoran gaskiya, babu abin kunya a cikin hakan. Iyali na mutum huɗu su tuna cewa kai huɗu aka ƙirga. A riƙe tsabar kuɗi a aljihu, domin har yanzu a Jamus akwai wuraren da ba sa karɓar kati, ko da yake jagorori da dama sun fara yawo da na'urar karɓarsa. Wanda ya ga ba zai iya kai wa ƙarshe ba ya je wurin jagoran lokacin hutu ya sallame shi, wanda kuma ya fasa zuwa ya soke rajistarsa domin wani ya samu gurbin.

Akwai wani dalili kuma da ya sa tsarin ya yi ƙarfi a nan. A Jamus doka ba ta wajabta wa ɗan jagoran yawon buɗe ido mallakar lasisi ba, saɓanin ƙasashe irin su Italiya da Turkiyya inda sai mai lasisi yake wannan aiki. Wannan ya buɗe wa ɗalibai da masu zane da baƙi mazauna birnin ƙofar sana'a, amma kuma yana nufin ingancin jagora ya bambanta ƙwarai, don haka yana da kyau a karanta abin da waɗanda suka bi shi a baya suka rubuta kafin a zaɓa.

Ga mu yanzu a titin Auguststraße a unguwar Mitte, kuma a nan kalmar kyauta tana nufin abin da take nufi. Bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989, gidajen wannan yanki da dama sun kasance babu kowa kuma hayarsu da araha, sai masu zane suka shigo. Ginin nan mai lamba 69 tsohuwar masana'antar man shafa wa burodi ce, wadda aka mayar cibiyar fasahar zamani ta KW a farkon shekarun 1990, kuma daga nan aka fara Berlin Biennale, bikin baje kolin fasahar zamani, a 1998. Can gaba akwai ɗakin baje kolin zane na Eigen + Art, sannan ga tsohuwar makarantar 'yan mata ta Yahudawa, wadda aka sake buɗewa a 2012 da ɗakunan zane da wuraren cin abinci a ciki.

Abin da ya kamata mai kallo ya rarrabe shi ne ɗakin baje koli na kasuwanci da gidan adana kayan tarihi. Na farkon shago ne, mai shi dillali ne tsakanin mai zane da mai saye, kuma la'adarsa takan kai kusan rabin kuɗin aikin idan an sayar. Shi ya sa ba ya karɓar kuɗin shiga, domin yana son a gani a yi magana a kai. Mutum yana iya tura ƙofa, ko ya danna ƙararrawa idan a rufe take, ya kalli abin da yake so ya fita, babu wanda zai tambaye shi ko zai saya. Gidan tarihi kuwa ba ya sayar da abin da ya ajiye, saboda haka tikiti yake yanka. Hamburger Bahnhof, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ta zama gidan fasahar zamani a 1996, da gidajen Tsibirin Gidajen Tarihi duk da tikiti ake shiga, haka ma KW, tunda cibiya ce ba shago ba. Yawon kyauta yakan tsaya a ƙofar irin waɗannan wurare ne a yi bayani a wuce, don haka wanda yake son shiga ya tanadi kuɗinsa dabam.

A kula da ranaku. Yawancin ɗakunan kasuwanci suna buɗewa daga Talata zuwa Asabar, gidajen tarihi da yawa kuma suna rufe ranar Litinin. Wanda ya zo a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu zai iya cin karo da Gallery Weekend, wanda ake yi tun 2005, lokacin da ɗakuna da dama suke buɗe sababbin baje koli a tare. Wannan doguwar katanga kuma da ke wucewa a gabanku ita ce East Side Gallery a bakin kogin Spree, ragowar katangar Berlin mai tsawon kilomita 1.3, wadda masu zane 118 daga ƙasashe 21 suka yi wa zane a 1990, kuma a buɗe take dare da rana.

Sai abinci. Yawon abinci kusan kullum ana biyan kuɗinsa tun wajen rajista, kuma ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba, domin kowace loma da aka miƙa wa baƙo an saye ta a wurin mai shago. Idan kuka ga an tallata yawon abinci na kyauta, ku karanta sharuɗɗan da kyau, domin galibi tafiyar da bayanin ne a kan tsarin da muka bayyana, abincin kuma kowa zai saya da kuɗinsa.

Ga Musulmi akwai magana mai muhimmanci a nan. Abincin titi da Berlin ta fi alfahari da shi shi ne currywurst, wato sosej da ake zuba wa miyar tumatir da kori, wanda Herta Heuwer ta fara sayarwa a unguwar Charlottenburg a 1949, kuma yawanci da naman alade ake yinsa, wasu yawon kuma suna haɗawa da ɗanɗana giya. A rubuta wa masu shiryawa tun kafin a biya, a faɗa musu abin da ba a ci da abin da ba a sha, a kuma nemi amsa a rubuce, domin an riga an yi oda da masu shaguna kafin ranar, kuma canji a bakin teburi yana da wuya. Sa'ar da aka yi ita ce birnin yana da faɗi ta wannan fanni. Tun bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata tsakanin Jamus ta Yamma da Turkiyya a 1961, Turkawa suka yi yawa a unguwannin Kreuzberg da Neukölln, kuma su ne suka fara sayar da döner, wato gasasshen nama irin na shawarma cikin burodi, a farkon shekarun 1970, har ya zama abincin kowa. Ko a nan ma tambaya ba ta ɓaci, a tabbatar da naman kafin a ci. Titin Sonnenallee cike yake da shagunan Larabawa, har da na 'yan Siriya masu kayan zaƙi. Wannan babban zaure kuma shi ne Markthalle Neun, kasuwar da aka buɗe a 1891, inda ake baje abincin titi na ƙasashe dabam-dabam kowace Alhamis da yamma.

Yawon da muka bi ya ƙare a nan Maybachufer, bakin magudanar ruwa, inda kasuwar da aka fi sani da ta Turkawa take ci ranakun Talata da Juma'a. Ku dubi jagoran, ya rufe lemarsa, ya yi godiya, ya ja gefe kaɗan domin kada kowa ya ji an sa masa ido. Mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna gaisawa da shi suna miƙa abin da suka ware, wasu kuma suna tambayarsa wane teburi ne a kasuwar ya fi iya gözleme, wato wainar Turkawa mai cuku da alayyafo. Ya nuna musu da hannu, sannan ya duba agogo, domin akwai wani rukunin da zai ɗauka da rana.