Garmahon Kawu: akwatin da zan aika Kaduna da maganar lodin kan allura

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Mutanen Kaduna, ina gaishe ku daga nan Hambog ta ƙasar Jamus. Yau ba fita za mu yi ba, a kan tebur za mu wuni, sai ku yi haƙuri da tarkacen da kuke gani.

Wannan ɗan allon da ke hannuna Kawuna na Tudun Wada nake haɗa wa. Yana da garmahon lantarki tun na shekarun 1970, da faya-fayai cike da akwati. Tsohon amfilifayansa ya mutu, yara suka sayo sabo, aka jona, sai sauti ya fito ƙasa-ƙasa, siriri, babu kauri ko kaɗan. Nan take aka yanke hukunci wai garmaho ya tsufa. Garmaho kuwa lafiyarsa ƙalau. Amfilifayan da can suna da wata kafa a baya da aka rubuta wa PHONO, na yanzu yawancinsu ba su da ita, kuma abin da ke ɓoye bayan wannan kafar shi ne za mu haɗa yau.

Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan ɗan abin da allura ke maƙale a jikinsa? Shi ne kan allura. A cikinsa akwai ɗan maganaɗisu da naɗin waya siririya fiye da gashi. Allura na bin layin faifai tana kaɗawa, maganaɗisun na motsi, wuta na samuwa. Amma wutar ba ta taka kara ta karya ba. Wannan da na saya wa Kawu, Audio-Technica AT-VM95E, milibolt 4 yake bayarwa, alhali kafar AUX da ke bayan sabon amfilifaya tana jiran ɗaruruwan milibolt. Saboda haka sai an ninka shi kamar sau 100, abin da ake rubutawa 40 dB. Irinsa ake kira MM. Akwai wani nau'in, MC, wanda naɗin wayar ne ke motsi ba maganaɗisun ba, shi wutarsa ta fi wannan ƙanƙanta sau goma ko fiye, sai an ninka sau 1000.

To ƙara ƙarfi kaɗai ba ya warware matsalar, kuma nan ne abin yake da daɗin sani. Masu yanka faifai da gangan suke rage kaurin sauti, su ƙara siririn. Dalili? Sauti mai kauri, irin na ganga, yana sa allura ta yi lilo mai faɗi, layin ya ci wuri, faifan ya cika tun waƙa ba ta yi nisa ba. Siririn kuma ana ɗaga shi ne don ya fi ƙarfin ƙarar shuuu ɗin da jikin faifai ke yi. Kamar katifa ce da aka naɗe aka ɗaure tamau don ta shiga mota: in an isa gida dole a kwance ta kafin a kwanta. A 1954 ƙungiyar masu faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar da ma'auni guda na wannan ɗaurin, kamfanoni suka bi a hankali. Wurare uku ne ma'aunin ke lanƙwasa: 50 Hz, 500 Hz da 2122 Hz. Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a cikin sakan ɗaya, ƙaramar lamba kauri, babba siriri. Akwatinmu zai ɗaga can ƙasa, wajen 20 Hz, da kusan 20 dB, ya sauke can sama, wajen 20,000 Hz, da kusan haka. Abin da Kawu ya ji ran nan sauti ne da ba a kwance ba.

Ga kayan. Aisi, wato ɗan abin nan mai ƙafafu da ke ƙara ƙarfin sauti, guda biyu NE5532, ɗaya na hagu ɗaya na dama, don kowane yana da amfilifaya biyu a cikinsa. Tsohon aisi ne, tun ƙarshen shekarun 1970 ake yin sa, kuma duk mai gyaran rediyo ya san shi. Za ku ga ana tallan wasu masu tsadar gaske, ana cewa sai su. Ni dai ra'ayina, a kan allurar MM ba nan ya kamata kuɗi ya tafi ba. Ku kashe shi a rasista (masu rage gudun wuta) waɗanda kuskurensu bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, shuɗayen nan masu zobe biyar, da kafasita (masu ɗan ajiye wuta) na kirki, folifirofilin ko waɗanda aka rubuta wa C0G. Ƙananan na tangaran masu arha ɗin nan, ƙimarsu na canzawa da zafi, wasu ma in ka ƙwanƙwasa su da farce sai ka ji ƙwas a lasifika. Ku tuna zafin Kaduna a watan Maris da Afrilu.

Na raba aikin gida biyu don lissafin ya yi sauƙi. Matakin farko shi ke ɗaga kauri: rasista 100k tare da kafasita. Lissafi yana son sakamakon ninka su ya ba da 3180 na maikirosakan, wanda shi ne lanƙwasar 50 Hz ɗin nan, ma'ana kafasita 31.8 nF, wanda ba a sayar da shi. Sai na haɗa 22 nF da 10 nF gefe da gefe, ya zama 32. Bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba, babu kunnen da zai kama shi. Bayansa sai mai sauke siririn sauti: rasista 7.5k da kafasita 10 nF, wannan kam cif ya ba da maikirosakan 75 ɗin da lanƙwasar 2122 Hz ke nema. Mataki na biyu ya ƙarasa ƙara ƙarfin. Kun ga yadda na jera kafasitan nan a kan takarda, kowane da lamba a ƙarƙashinsa? Na auna su ɗaya bayan ɗaya da mita, na ware waɗanda suka fi kusa da juna, ɗaya hagu ɗaya dama. In hagu da dama suka bambanta, muryar mawaƙi ba ta tsayawa a tsakiya.

Zan gudu da bidiyon a nan, don kallon mutum yana narka dalma ba wani abin sha'awa ba ne. Abu ɗaya kawai: soket na fara ɗorawa, aisi sai a ƙarshe.

Wuta kuma, batir biyu na 9V na sa, ɗaya na + ɗaya na −, tsakiyarsu ita ce inda ake ɗaure wayar ƙasa. Wani zai ce don me ba taransifoma ba? Abin da ke ninka sauti sau ɗari, kuma ya fi ɗaga ƙasa-ƙasa, to ƙugin wutar gida mai 50 Hz shi zai fara ɗagawa. Ga kuma wutarmu ta gida, yanzu ta NEPA, an jima ta janareta, wani lokacin ta inbata. Batir ba ruwansa da wannan duka. Illarsa yana ƙarewa, shi ya sa na sa makunni da ɗan fitila ja, don kada a bar shi a kunne a kwana.

Tunda na ambaci janareta: wasu garmaho motarsu tana bin bugun wutar gida ne kai tsaye. In janareta ya yi sama ya yi ƙasa, waƙa ma haka za ta yi. Kuma wanda aka yi don Amurka, mai 60 Hz, in aka kawo shi Najeriya juyinsa raguwa yake, murya ta yi nauyi. Masu sayen na gwanjo, ku duba rubutun da ke bayansa kafin ku biya. Nan Jamus da gida duk 50 Hz ne da 230V, don haka abin da na gwada a nan haka zai yi a can.

Yanzu ga inda na fi so ku nutsu, maganar lodi. Kan allura ba ya aiki shi kaɗai, abin da ya tarar a bakin akwatin yana canza sautinsa. Abu biyu ne: rasista da kafasita. Rasistan ba gardama, MM kusan duka 47k suke so, ga shi nan na dasa a bakin kowace kafa. Kafasitan ne ake tafka asara a kansa. Takardar wannan kan allurar ta ce tsakanin 100 da 200 pF. Mutum sai ya karanta, ya ɗauko 200 pF ya dasa, ya ce ya bi ƙa'ida. Bai bi ba. Lambar nan jimilla ce, kuma wayar da ta taso daga hannun garmaho zuwa akwati ita kanta kafasita ce. Waya ta yau da kullum, mita ɗaya tana iya kai 100 pF, ga kuma siraran wayoyin cikin hannun.

Me zai faru in ya yi yawa? Naɗin wayar cikin kan allurar nan 550 mH ne. Shi da kafasita suna da wani wuri da suke amsa wa juna, sauti ya kumbura a nan, ya faɗi bayansa. Da 200 pF wurin yana wajen 15,000 Hz, can sama, kuma rasistan 47k na danne shi. Da 500 pF sai ya sauko ƙasa da 10,000 Hz, inda kunne ke ji sosai. Ku saurara, ga faifai ɗaya, zan ɗaga ƙaramin makunnin nan. Wannan babu ƙari. Wannan kuma na ƙara 320. Kun ji? Duk inda mawaƙin ya furta sa ko tsa sai ta yi tsini tana sukar kunne, kuma iskar da ke saman sautin ta ɓace. A faifan goge abin ya fi muni. Mutane da yawa sun canza allura, sun canza lasifika, alhali doguwar wayar da suka ƙara ce ta jawo.

Shi ya sa ban dasa kafasita ɗaya ba. Na sa ɗan makunni mai haƙora: babu ƙari, ko 100, ko 220, ko duka biyun. Don in wata rana an canza zuwa Ortofon 2M Red, shi 150 zuwa 300 yake so, sai a ɗaga haƙori kawai.

Daren jiya na kira autanmu ta bidiyo, yana falon Kawu da mitar da ya aro wurin mai gyaran rediyon layinsu. Na ce ya zare ƙananan wayoyi huɗun nan daga bayan tsohon kan allurar, a hankali, da hantsaki. Ya fara auna mitar ita kaɗai ya rubuta, sannan ya ɗora a kan filogin wayar, ya debe na farko daga na biyu.

Ya ce, "Yaya, ɗari da talatin ya rage."

Na ce to ka gani, in akwatin ya iso kada ka ɗaga haƙori ko ɗaya, wayar ta riga ta cika mana lissafi.

Kawu yana gefe a kan kujera yana jin mu. Ya ce, "Wai duk wannan lissafin don in ji waƙa ne?"

Na ce, "Allah ya ja kwana, Kawu, ku dai ku tanadi faifan da za a fara sawa."

Ya ce ai tun bara ya ware shi.

Masu MC, naku daban ne. Naɗinku ƙarami ne, kafasita bai cika damunku ba, rasista ake saukewa. Abin da aka saba shi ne a ninka juriyar naɗin kamar sau goma. Denon DL-103, wanda aka yi tun 1962 don gidan rediyon Japan kuma har yau ana yin sa, om 40 ne, kamfanin ya ce a ba shi daga om 100 zuwa sama, mutane da yawa suna tsayawa wajen 400. Amma wannan akwatin ba zai ɗauke shi ba, ƙarfinsa bai kai ba.

Kada kuma a rikita lodi da nauyin da allura ke sauka da shi a kan faifai. Wannan da ƙarfen bayan hannun ake saita shi, na wannan kan giram 2 ne. Na saka ɗan sikeli a cikin kayan. Tsabar kuɗin da ake ɗorawa a kan allura don ta daina tsalle, don Allah a daina, faifai take ci. A cikin akwatin Kawu kuma akwai wasu masu nauyi, masu fashewa in sun faɗi, masu juyi 78. Na ce Auta ya ware su gefe. Layinsu ya fi faɗi, allurarsu daban, kuma yawancinsu an yanka su kafin ma'aunin 1954.

Saura gida. Allon nan tsirara ba zai yi ba, sai an rufe shi da ƙarfe ta ko'ina don ya tare ƙugi. Ba zan biya kuɗin jirgi a kan gwangwani ba alhali ga kasuwar Panteka a Kaduna. Na aika wa Auta awo, za a lanƙwasa mana na alminiyam, a huda ramuka huɗu na filogi, ɗaya na makunni, da ɗaya na kusar da za a ɗaure wayar ƙasa. Siririyar wayar nan da ke lilo a bayan garmaho, wadda ake cewa ba ta da amfani, ita ce. In ba a ɗaure ta ba, ƙugi zai cika falo. A ajiye akwatin kusa da garmaho, nesa da taransifoman amfilifaya da sitabilaiza.

Na kuma haɗa da burushin goge faifai, don kayan za su isa ne a cikin hunturu, lokacin da iska ke bushewa faifai ya riƙa jan ƙura da kansa. Wani ɗan'uwa zai tafi gida ƙarshen wata, shi zai riƙe. In Auta ya haɗa zai ɗauko mana bidiyo, sai in sa muku a na gaba. Sai an jima, a gaida mutanen Tudun Wada.