Yadda Ake Gina Wa Ƙwayoyin Jiki Shimfiɗa a Ɗakin Gwaji

Ɗauko ƙwayar halitta daga jikin mutum, ka ajiye ta a kan farantin roba mai tauri na ɗakin gwaji. Za ta rayu, amma sai ta baje, sau da yawa ta bar aikin da aka san ta da shi. A cikin jiki ba haka take zaune ba. Tana kwance ne cikin wata saƙa mai laushi, wadda akasarinta furotin ne da ake kira kolajin. Wannan saƙar masana ke ƙoƙarin ƙerawa.

Duk wanda ya dafa ƙafar saniya, romon ya kwana ya huce, ya ga yadda yake daskarewa yana rawa. Jelatin ke nan, kolajin da wuta ta narkar. Abu irin wannan, wanda kusan duk ruwa ne amma yana tsaye, shi ake kira haidrojel. Da shi masana ke gina wa ƙwayoyin shimfiɗa mai kama da waccan saƙar. Ana haɗa shi da jelatin, ko kolajin, ko alginet na ciyawar teku.

To, ga inda abin ya ƙayatar. A 2006, Dennis Discher da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania sun ɗebi ƙwayoyin asali, wato waɗanda ke iya rikiɗewa su zama wasu irin ƙwayoyi, daga ɓargon mutum. Ƙwayoyi iri ɗaya, abinci iri ɗaya, taurin shimfiɗar kawai suka sauya. Waɗanda ke kan mai laushi irin na ƙwaƙwalwa suka fara nuna alamun ƙwayoyin jijiya. Na kan matsakaiciya suka karkata ga tsoka, na kan mai tauri ga ƙashi. Ashe ƙwayar na jan abin da take kai, ta ji ƙarfinsa, sannan ta zaɓi hanya.

Babbar matsalar ita ce numfashi. Oksijin ba ya ratsa nama fiye da kusan milimita 0.2, don haka da ginin ya yi kauri sai tsakiyarsa ta mutu. Shi ya sa sassan jiki sirara da aka gina a ɗakin gwaji suka fara nasara: fata, da mafitsarar da likita Anthony Atala ya dasa wa majinyata 7.

A 2012 wasu masana a Pennsylvania suka buga raga ta sukari da injin 3D, suka zuba jel a kai, suka narkar da sukarin, ramukan da suka rage suka zama hanyoyin jini. Dabara ce mai kyau, sai dai har yau ba a dasa wa kowa ƙoda ko hanta da aka gina ta wannan hanya ba.