Firam 90 a sakan, amma wasa na cijewa: ina matsalar take?

Zainab: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Injiniya Nura, sai ƙanena Kabiru da ya shigo da ƙorafi tun daga bakin ƙofa. Kabiru, maimaita wa masu sauraro.

Kabiru: Yaya Zainab, abin ya dame ni matuƙa. Ina buga wasan ƙwallon ƙafa na FC a kwamfutar tebur. Minti goma sha biyar na farko lafiya lau. Daga nan sai ɗan wasa ya cije kamar ƙiftawar ido, sannan ya zabura gaba. Kuma lambar da ke saman allo tana nuna firam 80 zuwa 90 a sakan, wato yawan hotunan da wasan ke fitarwa. Har na fara tambayar kuɗin sabon katin hoto, wato na'urar da ke zana hotunan wasan, a kasuwa.

Nura: Riƙe kuɗinka tukuna. Wannan lambar da kake kallo matsakaici ce. Direba zai ce maka ya kai Zariya daga Kano cikin awa biyu, amma ba zai faɗa maka sau nawa ya taka birki ba. Idan wasa na tafiya firam 60 a sakan, kowane firam rabonsa milisakan 16.7, milisakan kuwa ɗaya ne bisa dubu na sakan. Guda ɗaya tak ya ɗauki milisakan 100, idonka ya gani, hannunka ya ji, amma lambar da ƙyar za ta motsa.

Zainab: To ta yaya mutum zai ga wannan birkin, Injiniya?

Nura: Ya sauke manhajar MSI Afterburner, kyauta ce, tana zuwa da wata manhajar mai suna RivaTuner. Ya kunna layin da ke nuna lokacin kowane firam, ya haɗa da zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da na katin hoto, da gudunsu, da yawan RAM da ake ci, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Wasa mai lafiya layinsa a miƙe yake. Duk inda ya cije za ka ga layin ya yi tsini sama. Sai ka duba me ya canza a daidai lokacin. Ni ba na taɓa sukurudireba sai na ga wannan.

Kabiru: Amma ni nawa, me kake zargi?

Nura: Kai da bakinka ka ba ni amsa. Ka ce farko lafiya, sai daga baya. Wannan zafi ne, kusan ko da yaushe. Furosesa tana da iyaka: yawancin na Intel digiri 100, Ryzen 7000 kuma 95. Da ta kai wurin sai ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace. Ta ɗan huce, ta ƙara gudu, ta sake zafi, ta sake ragewa. Wannan hawa da saukar shi kake ji a wasan. Yaushe rabon da ka buɗe akwatin?

Kabiru: Gaskiya tun da na saye ta, shekara biyu kenan.

Nura: Hunturu biyu sun wuce a kanta. Ƙurar nan tana shiga tsakanin haƙoran ƙarfen da ke kan furosesa ta zama kamar bargo. Fanka na juyawa, iska ba ta wucewa. Ka haɗa da watan Afrilu a Kano, rana ta haura digiri 40, ɗakin babu iska, akwatin a ƙasa jingine da bango. Abin yana ba ni tausayi, domin na sha ganin yara sun tara kuɗi da wahala sun sayi kati, matsalar tana nan, alhali aikin minti ashirin ne.

Zainab: Yi mana bayanin aikin, don akwai masu tsoron buɗewa.

Nura: Ka kashe ta, ka zare wayar wuta daga soket. Ka fita da ita waje, ka hura da bulowa. Ka dafe fankar da yatsa kada iska ta riƙa juya ta da ƙarfi. Idan ta hannu ce ko ta daɗe, a cire ƙarfen sanyayawa, a goge tsohon man da ya bushe tsakaninsa da furosesa, a sa sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara, ya tsaya a yi a gabansa.

Kabiru: In kuma na duba zafin bai kai ba fa?

Nura: Sai mu koma RAM. Sanda nawa ce a ciki?

Kabiru: Ɗaya, gig 8.

Nura: To ga wani wurin. Sanda ɗaya hanya ɗaya take bi, biyu kuwa hanya biyu suke buɗewa. A madabod, wato babban allon cikin akwatin, mai rami huɗu, galibi na biyu da na huɗu daga furosesa ake sakawa. Kuma gig 8, ga Windows, ga Chrome a buɗe a baya, da ta cika sai kwamfuta ta koma ajiya a faifai, shi kuma ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba. Haka ƙwaƙwalwar katin hoto: in gig 4 ce ka kai ingancin zane ƙololuwa, dole ya cije. Rage shi mataki ɗaya ka gani.

Zainab: Ni kuma a wasan GTA V nake gani, sai ina gudu da mota cikin gari.

Nura: Naki ya fi kama da faifai, Hajiya. Wasa mai faɗin gari yana ɗebo tituna da gidaje ne kina tafiya, tsohon faifai mai juyawa ba ya cim masa. Ki mayar da wasan kan SSD, faifai mai sauri wanda ba ya juyawa. Akwai kuma wanda ba laifin kowa a gida ba ne. Sababbin wasanni da yawa, musamman na DirectX 12, suna shirya wa katin wasu lissafin haske da inuwa a karon farko. Bayan sabunta direba, wato manhajar da ke tafiyar da katin, sukan sake. In kin ga sandar shirin a farkon wasa, ki bar ta ta cika.

Kabiru: Janareta fa? Abokina ya ce shi ne.

Nura: Wuta marar ƙarfi ta fi kashe kwamfuta ko ta sa ta tashi da kanta, ba cijewa ba. Amma ka raba ta da matsalar intanet: ka buga wasa ɗaya da kwamfuta ba tare da shiga layi ba. In ya tafi sumul, sabis ne. Sannan allonka na hertz nawa ne, wato sau nawa yake sabunta hoto a sakan?

Kabiru: 60.

Nura: To ka ƙayyade firam a 60 cikin RivaTuner. Katin zai rage wahala, zafi ya sauka, layin ya miƙe.

Kabiru: Yau da daddare zan sa Afterburner in buga rabin awa kafin in taɓa komai.

Nura: Ka ɗauki hoton allon a minti na biyar da na ashirin, ka turo min. Bayan ka hure ƙurar ka sake ɗauka a wasa iri ɗaya.

Zainab: Mako mai zuwa za mu karanta lambobin a nan, in Allah ya kai mu. Sai an jima.