Sharhi: A nuna wa jama'a taswira kafin zuwan jan fenti

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

A sabbin unguwannin da ke bayan Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya a birnin Katsina, mutane da yawa ba sa sanin cewa filinsu ya hau kan hanya sai ranar da suka wayi gari da jan fenti a jikin katanga. Mutum ya tara kuɗin shekaru, ya sayi awon igiya a hannun dillali, mai unguwa ya sa hannu, gini ya kai linta, sannan a ce masa nan titi zai bi, ko nan hanyar ruwa ce. To, ina taswirar take tun farko? Wa ya nuna masa?

Tun daga 1987 da Katsina ta zama babban birnin jiha gari yake ta faɗaɗa, gonaki suna komawa fulotai. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna ne bisa amana domin jama'a. Mai riƙon amana kuwa ba ya ɓoye wa masu ita abin da ya shirya yi da ita. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ofishin gwamnati kwana 7 ya amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce. Amma tsakani da Allah, dattijuwar da ta gaji fili ɗaya daga mijinta, wace wasiƙa za ta rubuta, kuma da wane harshe?

Shi ya sa muke cewa bayanin ne ya kamata ya je wurinta. A manna taswirar kowace sabuwar unguwa a ƙofar hakimi da dagaci, da Hausa, da boko da ajami. A karanta a rediyo inda titi zai bi, inda aka ware wa makaranta da maƙabarta, da kuɗin izinin gini na gaskiya, don kada wani ɗan tsakiya ya ninka shi.

Hanyar ruwa ta fi damun mu. Ambaliyar Jibiya ta 2018 ta ci rayuka da dama cikin dare ɗaya, kuma har yau ana sayar da fili a bakin kwari ba tare da an faɗa wa mai saye ba.

Ku kuma 'yan'uwa, kafin ku miƙa wa dillali ko sisi, ku je hukumar tsara birane ku tambayi matsayin filin, ku ce a ba ku amsa a rubuce.