Ramin Batagaika: ba dutse ne ya faɗo daga sama ba

Wannan ramin da ake ta yaɗawa a Facebook da TikTok, wasu na cewa dutse ne ya faɗo daga sama, wasu na cewa aman wuta ne. Ko ɗaya babu, jama'a. Sunansa Batagaika, yana yankin Yakutiya a Saiberiya ta ƙasar Rasha, tsawonsa ya kai kilomita 1. Ƙanƙarar cikin ƙasa ce ta narke.

A can ƙasa a daskare take shekara da shekaru. Fatar sama kaɗai ke saki lokacin zafi.

To ga inda ake ruɗewa. Ana ɗauka kamar naman da aka ciro daga firij ne, ya saki ya koma yadda yake. A'a. Ku dubi bangon ramin da kyau. Ginshiƙan da ke sheƙi a jikinsa, masu faɗi a sama da tsini a ƙasa, ƙanƙara ce zalla. Tsananin sanyin hunturu ke tsaga ƙasa, kamar yadda laka ke daddarewa a fadama da rani. Dusar ƙanƙara ta narke, ruwan ya zurara cikin tsagar, ya daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Baɗi ta sake tsagewa a wurin, a ƙara wani ruwan. Shekaru dubbai ana haka. A irin wannan ƙasa, wadda ake kira Yedoma, ƙanƙara takan fi rabin jikin ƙasar.

Ku riƙe wannan da kyau: ƙanƙarar ce ke tallafe da turɓaya. Ranar da ta narke ruwan ya gudu, babu abin da zai cike gurbinta. Dole ƙasa ta lotsa.

A shimfiɗaɗɗen wuri, lotsawar ta tara ruwa ta zama kududdufi. Ruwa kuwa ya fi ciyawa riƙe zafin rana, sai ya ci gaba da cin ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa har ya zama tafki. Ga bishiyoyi nan sun karkace kamar masu jin barci. Tafkin in ya tsiyaye ya bar kwarin ciyawa, wanda ake kira alas, inda mutanen Yakutiya ke kiwo.

A gangare kuwa, Batagaika ke nan. An sare dajin wurin a shekarun 1960, inuwa ta tafi, gansakukar da ke lulluɓe ƙasa kamar bargo ta lalace. A ganina nan ne aka yi babban kuskure. Rana ta doki bango, taɓo ya zame, sabuwar ƙanƙara ta fito fili, ita ma ta narke. Bangon na ja da baya fiye da mita 10 a shekara. A 2018 ya fitar da gawar ɗan doki mai kimanin shekara 42,000, da gashinsa da kofatonsa, abin al'ajabi.

Yanzu ku dubi Yakutsk, babban birnin Yakutiya. Benaye a kan ginshiƙan siminti suke, an bar sarari iska na ratsawa ta ƙarƙashi, don kada ɗumin ɗaki ya taɓa ƙasa ya narkar da ƙanƙarar cikinta.