Launin fata a lokacin kamfe: daga Nemacolin zuwa fadar shayi a Damagaram

Jama'ar Damagaram, barkanmu da war haka. Yau za mu fara da wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal a jihar Pennsylvania ta Amurka, sunansa Nemacolin.

A 2008, Barack Obama yana neman shugabancin ƙasa. Richard Trumka, ɗan wannan gari, wanda shi ma ya yi aikin ramin kwal kafin ya zama na biyu a babbar ƙungiyar ƙwadago ta AFL-CIO, ya koma gida ya gamu da wata dattijuwa da ya daɗe da sani. Ta ce ba za ta zaɓi Obama ba. Dalili? Wai Musulmi ne. Ya ce mata Kirista ne, kuma ko Musulmin ne, sai me? Ta kawo wani dalilin, ya warware. Da hujja ta ƙare sai ta sassauta murya ta faɗi abin da ke ranta: baƙar fata ne.

Trumka bai zage ta ba. Ya ce ta dubi garinsu, aiki ya mutu, samari sun watse neman abinci, ta gaya masa me launin fata zai gyara a nan. A watan Yulin shekarar ya ba da labarin gaban taron ma'aikatan ƙarfe a Las Vegas, ya ce wa mutanensa wannan cuta ta wariyar launin fata tana cikin gidansu. Obama ya ci Pennsylvania a watan Nuwamba.

To, mu dawo gida. Mu tuna zaɓen shugaban ƙasar Nijar na 2020 zuwa 2021. Mohamed Bazoum, ɗan takarar jam'iyyar PNDS-Tarayya mai mulki a lokacin, Balarabe ne, an haife shi a jihar Diffa, ya tashi a Tesker, ya yi karatu a makarantar Amadou Kouran Daga nan cikin Zinder. Duk da haka an yi ta yaɗa cewa ba ɗan ƙasa ba ne, har maganar ta kai kotun tsarin mulki, kotu ta yi watsi da ita. Ku fahimce ni da kyau: wanda ya zaɓi abokin hamayyarsa Mahamane Ousmane ranar 21 ga Fabrairun 2021 don ya yarda da shi, ko don ya gaji da mulkin Tarayya, haƙƙinsa ne. Abin da ke damuna shi ne wanda duk hujjarsa ita ce "jar fata ba za ta mulke mu ba".

Wannan magana ta fi kama talaka, kuma akwai dalili. Ɗan kabu-kabu da ya wuni a bakin Kasuwar Dole bai haɗa jika biyu ba, saurayin da ke ganin matatar man fetur ta SORAZ tun 2011 amma bai taɓa samun ko aikin gadi ba, ransa a ɓace yake, kuma da gaskiyarsa. Ɗan siyasar da ba shi da amsar tsadar gero sai ya nuna masa wani mai launi daban. Ya fi sauƙi, ba ya cin ko dala.

Wa zai tare maganar? Ɗan boko a rediyo yana kiran mutane jahilai ba ya sauya kowa, sai ma ƙara taurin kai. Trumka an saurare shi ne domin nasu ne, ya shaƙi ƙurar da suka shaƙa. Haka nan ma, sai wanda kuke shan shayi ɗaya a fada.

Idan abokinka ya jefo ta, kada ka tashi, kada ka yi dariyar yarda. Tambaye shi a natse: "Aboki, me ya yi maka?" Bar shi ya kawo dalili na farko da na biyu, har ya iso ga na gaskiyar da bakinsa. Sannan ka tuna masa Buzun da ke sayar masa da cuku bashi, da Bafulatanar da ke kawo wa innarsa nono kowace safiya. Daga nan ku koma kan ruwan famfo da ke yankewa a Birni da Zango, ku tambayi wane ɗan takara ne ya faɗi yadda zai kawo shi.