Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Ƙona Kwanturolar Fitilu?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun yau a kan fitilu masu canza launi ne, irin na ɗakunan biki da shaguna, da na'urar da ke sarrafa su wadda masu sana'ar ke kira kwanturola. Injiniya, barka da zuwa.

Injiniya: Barka kadai, Malam.

Mai gabatarwa: Ta farko daga Kano, wani matashi ne mai ba da hayar kayan sauti da fitilu. Ya ce ranar wata dina ya jona fitilu takwas, a gwaji komai lafiya lau. Amarya na shigowa fitilu suka fara ƙifce-ƙifce, biyun ƙarshe suka shiga juyi yadda suka ga dama. Washegari allon kwanturola na kawo wuta amma fitilu ba sa jin maganarta. Ya sayi sabuwa, sati biyu ta yi ta bi 'yar'uwarta. Yana tambaya, jabu ake sayar masa ko hannu aka sa masa?

Injiniya: Hannu kam akwai, amma ina kyautata zaton nasa ne ko na yaransa. Ɗan'uwa, kada ka sayi ta uku tukuna, don abin da ya ci biyun farko yana nan cikin jakar wayoyinka yana jira.

Wannan tsari na sarrafa fitilu sunansa DMX512, tun 1986 aka fito da shi a Amurka domin fitilun dandalin wasanni. Wayar da ke tashi daga kwanturola saƙo kawai take ɗauka, ƙarfinsa bai wuce bolt 5 ba. A filoginta, ƙafa ta 1 ita ce rigar wayar, ta 2 da ta 3 su ke ɗauke da saƙon. Asalin ƙa'idar filogi mai ƙafa biyar ta tanada, amma kayan da suka cika kasuwarmu masu ƙafa uku ne, sak na makirfo. Daga nan matsala take farawa. A jikin mikisa, wato na'urar haɗa sauti, akwai wani ɗan maɓalli da aka rubuta 48V, yana tura wuta ga wasu makirfo. Ka ɗauka ana cikin duhu a bayan dandamali, yaro ya laluba ya ɗauko wayar da ta fito daga mikisa ya cusa ta a layin fitilu, ta kuwa shiga daram. Ayisi, wato ɗan ƙaramin ɓangaren da ke aika saƙo a cikin kwanturola, an yi shi ne ya jure daga bolt 7 ƙasa da sifiri zuwa 12 sama da shi. Bolt 48 na iya kashe shi ba hayaƙi ba ƙauri, allo kuma ya ci gaba da haske kamar babu abin da ya faru.

Mai gabatarwa: To idan ya rantse ba a taɓa haɗa su da mikisa ba fa?

Injiniya: Sai mu duba wuta. Ya faɗa mana, kwanturola na kan NEPA ne fitilu na kan janareta? In haka ne, kuma babu wayar ƙasa da ta haɗa su, bambancin wutar da ke tsakaninsu ta cikin siririyar wayar saƙon zai bi. Na taɓa canza wa wani mutum ayisi har sau uku, ya fara yi mini kallon macuci. Ran nan na bi shi ɗakin bikin, na dafa ƙarfen wata fitila sai na ji ta ɗan ja ni. Muka buɗe, ashe wayar wuta ce ta goge tana taɓa jikin ƙarfen, kuma a filogin saƙo wani ya zuba dalma har ta haɗe ƙafa ta 1 da kwanson filogin. Ni da na dafa da hannu ganganci na yi, kada kowa ya kwaikwaya. Mita ake sawa tsakanin jikin fitila da wayar ƙasa.

Gyaran kwanturolar ba wani abu ba ne. A cire ta daga wuta a buɗe, kusa da soket ɗin da saƙo ke fita za a ga ayisi mai ƙafa takwas, galibi an rubuta MAX485 ko SN75176 a bayansa. Mai gyaran rediyo zai canza shi. Kwanturola biyun da ya jingine, mai yiwuwa duk su tashi.

Mai gabatarwa: Ƙifce-ƙifcen nan kuma da aka yi a gaban amarya?

Injiniya: Wannan ciwo daban ne. Saƙon yana gudu ƙwarai, ɗigo 250,000 a daƙiƙa, in ya isa fitilar ƙarshe bai sami abin da zai shanye shi ba sai ya dawo kamar amsa-kuwwa ya rikita na bayansa. Maganin filogi ne guda da aka liƙa wa rizista mai om 120 tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, a toshe bakin fitilar ƙarshe da shi. Wayar makirfo ma ba don wannan aiki aka yi ta ba. Gajera takan yi, shi ya sa a gwaji ba ya ganin komai, amma in layi ya yi tsawo sai ta tona asiri. Kada a tsaga waya gida biyu a murɗe da salatif, daga fitila zuwa fitila ake bi kamar carbi, kuma kada layi ɗaya ya haura fitila 32 ba tare da na'urar raba saƙo ba.

Ga yadda zai kama ɓarawon. Ya kashe komai, ya auna kowace waya da mita: 1 ta je 1, 2 ta je 2, 3 ta je 3, babu wadda ta taɓa wata ko ta taɓa kwanso. Yana aunawa yana lanƙwasa wuyan filogin, don a nan suke karyewa. Sannan ya jona kwanturola da fitila ɗaya da gajeriyar waya mai kyau, ya riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya. Inda rawa ta fara, nan ne. Wayoyin fitilu kuma ya ɗaura musu jan ƙyalle, jakarsu daban.

Mai gabatarwa: Madalla. Sai wata Hajiya mai shagon atamfa a Maraɗi. Ta ce an zagaye mata shago da fitilar nan mai kama da ribom, naɗi uku aka jona baki da baki. Tun farko ƙarshen ba ya haske sosai, yanzu kuma ja ya ƙi mutuwa ko ta kashe da rimot.

Injiniya: Hajiya, kayan raƙumi aka ɗora wa jaki. In irin mai ƙwai 60 a kowace mita ce, naɗi ɗaya mai mita 5 yana cin kusan wat 72, wato amfiya 6 a kan bolt 12. 'Yar farar kwanturolar da ke zuwa cikin kwali yawanci iyakarta ke nan, amfiya 2 ga kowane launi. Naɗi uku kuwa 18 suke nema. A cikinta kowane launi da ɗan taransistansa mai buɗewa da rufewa. Na ja ya yi zafi ya narke a haɗe, shi ya sa rimot ba ya iya masa. Dusashewar ƙarshen kuma, siririn tagullan da ke cikin ribom ɗin ne ba ya iya kai wuta mita 15.

Ki sa mai gyara ya raba su, kowane naɗi a ja masa wayarsa daga tushe, ya sa adafta da kwanturola masu ɗaukar nauyin, ko ya ƙara amfilifaya tsakanin naɗi da naɗi. Kafin ya jona sabuwar, ya duba inda aka yanka aka liƙa, musamman a kusurwa, don ɗigon dalma ɗaya da ya haɗe layin 12V da na ja ya isa ya sake ƙona ta. Kibiyar da ke jikin filogin kuma ta fuskanci inda aka rubuta 12V.

Mai gabatarwa: To Hajiya, kin ji. Mai sauraronmu na Zariya da ya yi tambaya kan ba wa fitilu adireshi da ƙananan maɓallan nan, lokaci ya ci mana, wasiƙarka ce ta farko a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Injiniya, mun gode.

Injiniya: Ni ma na gode. A gaida Hajiya da mutanen Maraɗi.